Baƙin da Aka Rufe wa Baki

A birnin Landan na wajen shekarar 1390, zamanin da Geoffrey Chaucer yake rubuta labaran matafiyan Kantabari, duk wanda ya shiga kasuwa neman wuƙa sai ya furta harafin farko na sunanta. Kalmar da ake rubutawa *knife* a yau, ake kuma karanta ta "naif", a wancan lokaci "knif" ake cewa, da k a bayyane, ana jan wasalin. Gwiwa, wato *knee*, "kne" ake kiranta. Barden sarki kuwa, *knight*, wanda Chaucer ya sa labarinsa a sahun farko, ana furta kowane baƙi na sunansa, har da *gh* ɗin tsakiya, wanda yake fita daga maƙogwaro kusa da yadda ake furta خ ta Larabci. Saboda haka ɗalibin da ya miƙe a aji a Kano ko Zariya ya karanta *knife* da k, 'yan aji suka bushe da dariya, ya yi kuskure a Ingilishin yau, amma furucinsa ya fi kusa da na Chaucer fiye da na malamin da ya gyara masa.

Harafin K ba shi da yawa a Ingilishi. In aka ƙirga haruffan shafi guda na rubutu, rabonsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka, a ƙarƙashinsa ne ƙamus ya tara wasu daga cikin tsofaffin kalmomin harshen: *king* sarki, *kin* dangi, *know* sani, *keep* ajiyewa, *key* mabuɗi, *kiss* sumba. Abin mamakin shi ne, shekaru dubu da suka wuce, da wuya a sami ɗaya daga cikinsu an rubuta ta da K. Wanda ya bi sawun yadda harafin ya shigo, da yadda ya yi shiru a gaban *n*, zai fahimci dalilin da ya sa rubutun Ingilishi da furucinsa suke hannun riga, zai kuma ga yadda ma'anonin kalmomin suka yi ta sauya mazauni.

Daga tafin hannu zuwa Rum

Asalin harafin yana wurin Finikawa, 'yan kasuwar teku da suka zauna a gaɓar ƙasar Lebanon ta yau. Sunansa a wurinsu *kaf*, ma'anarsa tafin hannu. Shi ne dai *kaf* na Larabci, kuma har yau Larabawa *kaff* suke kiran tafin hannu. Girkawa suka ari haruffan Finikawa wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kira wannan *kappa*. Daga hannunsu haruffan suka isa ga Etruskawa, mutanen tsakiyar Italiya, daga nan sai Rumawa.

A Italiya ne K ya fara gamuwa da kishiyoyi. Etruskawa suna da haruffa uku masu ɗaukar wannan sauti guda: C da K da Q. Rumawa suka gaji ukun, amma sannu a hankali C ya cinye kusan dukan aikin, aka bar wa Q gaban *u* kawai, K kuwa ya saura a 'yan kalmomi ƙalilan, irin su *Kalendae*, ranar farko ta wata, inda kalmar kalanda ta samo asali. A ƙarni na 1 miladiyya, Quintilian, babban malamin balaga na Rum, ya nuna cewa ba a bukatar K sai a 'yan wuraren da yake tsayawa shi kaɗai a madadin kalma. Wannan ne ya sa har yau harsunan da suka fito daga Latin, kamar Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci, ba sa amfani da K sai a kalmomin aro.

Ingila kafin K

Haruffan Rumawa sun zauna da gindinsu a Ingila ta hannun masu wa'azin Kiristanci. Augustine ya sauka a Kent a shekarar 597, wasu limaman kuma suka shigo arewacin ƙasar daga wajen Ailan da Sikotlan. Da suka fara rubuta harshen mutanen ƙasar, sai suka bi al'adar Latin, suka ba C aikin. Sarki ya zama *cyning*, dangi *cynn*, gwiwa *cneow*, sani *cnawan*, ajiyewa *cepan*, sumba *cyssan*. Akan ci karo da *kyning* jefi-jefi a wasu tsofaffin littattafai, amma C ne mai gida.

Sai dai an ɗora wa C kaya biyu. A wasu kalmomin k ne, a wasu kuma yana ɗaukar ainihin sautin da C yake ɗauka a Hausar boko, na *ciki* da *cokali*. Yaro *cild* ne, coci *cirice*, haɓa kuma *cinn*. Bahaushen da aka miƙa wa waɗannan tsofaffin kalmomi zai karanta baƙinsu na farko daidai, abin da Baturen yau ba zai iya ba sai an koya masa. Mai harshen a wancan zamani bai damu ba, domin ya san *cinn* haɓa ce, *cynn* dangi ne. Baƙo ne zai rikice, kuma baƙin suna tafe.

A ranar 14 ga Oktoba, 1066, William na Normandi ya ci sarki Harold da yaƙi a Hastings. Fada da kotu da manyan muƙaman coci suka koma hannun masu jin Faransanci, magatakarda da masu kwafar littattafai kuma suka koma bin ƙa'idar rubutun Faransa. A waccan ƙa'ida, C a gaban *e* ko *i* ba k ba ne, sauti ne da ya ƙare a matsayin s, kamar yadda ake ji yau a *city* da *centre*. In an bar *cepan* da *cyning* yadda suke, wanda ya koyi karatu a Faransanci zai karanta su a karkace. Mafita ita ce a tono harafin da Rumawa suka jingine. Cikin ƙarni na 12 da na 13, *cyning* ya zama *king*, *cynn* ya zama *kin*, *cepan* ya zama *keep*, aka ba sautin *cild* sabon rubutu da *ch*, tsohon *cn* kuma ya koma *kn*. A gaban *a* da *o* da *u* babu rikici, don haka aka bar C. Wannan ne ya raba kalmomin da uwarsu ɗaya: kyanwa *cat* ce da C, ɗanta *kitten* ne da K. Mai dafa abinci *cook* ne, ɗakin girkinsa *kitchen*, alhali duka biyun daga tushen Latin guda suke.

Yadda aka daina furta shi

Kimanin ƙarni huɗu aka yi ana rubuta *kn* ana kuma furta shi. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster. Kafin zuwan injin, kowane magatakarda yana rubuta kalma yadda kunnensa ya ji ta a yankinsu. Da littattafai suka fara fitowa ɗari-ɗari da siffa ɗaya, rubutu ya fara daskarewa. Harshen baka kuwa bai tsaya jiran kowa ba. A cikin ƙarni na 17 mutanen kudancin Ingila suka fara sassauta k ɗin da ke gaban *n*. Bayanan malaman furuci na lokacin sun nuna cewa ya bi ta matakai, wasu suna furta shi kamar t, wasu kamar h, kafin ya ɓace. Zuwa farkon ƙarni na 18 ya fita daga bakin masu ilimi a Landan. Irin wannan ƙaddara ta faɗa wa *g* na *gnaw* da *w* na *write*.

Shaidar cewa an taɓa furta shi tana wurin 'yan uwan Ingilishi. Bajamushe yana kiran gwiwa *Knie*, da k a bayyane. Mutumin Siwidin yana kiran wuƙa *kniv*. A wasu karin harshe na arewa maso gabashin Sikotlan da tsibiran Shetland, k ɗin ya rayu har zuwa zamanin nan. A cikin Ingilishin kansa ma akwai inda ya tsira: a *acknowledge*, yarda da abu ko amsa shi, ana jin k ɗin da ba a ji a *knowledge*, domin wasalin da ya gabace shi ya ba shi wurin jingina.

Faransawa ma sun bar tasu shaidar. Haɗuwar baƙaƙen nan biyu ta yi wa harshensu nauyi, sai suka cusa wasali a tsakani: ƙaramar wuƙar aljihu ta zama *canif*. Haka sunan Knut, sarkin Denmak da ya mulki Ingila daga 1016 zuwa 1035, ya bi ta hannun marubutan Latin ya fito *Canute*. Dabara ce da Bahaushe ya sani sarai, domin da ita ya mayar da *bread* burodi.

Me ya hana a share harafin bayan ya mutu a baki? Na farko, maɗaba'u sun riga sun saba da shi. Na biyu, ya sami sabon aiki, na bambanta kalmomin da furucinsu ya zama ɗaya. Ba don shi ba, da *knight* barde da *night* dare sun zama abu guda a takarda, haka *know* da *no*, *knot* ƙulli da *not*, *knew* da *new*, *knead* kwaɓa gari da *need* bukata. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya tabbatar da wannan rubutu. Johnson ya ma ajiye K a ƙarshen kalmomi irin su *musick* da *publick*. Noah Webster, mai ƙamusun Amurka na 1828, yana cikin waɗanda suka yanke wannan wutsiya, amma ya bar *kn* a farkon kalma.

Yara biyu, makoma biyu

Yayin da furuci yake sauyawa, ma'ana ma ba ta zauna wuri ɗaya ba, kuma babu misalin da ya kai na *knight* da *knave*. A tsohon Ingilishi *cniht* yaro ne, *cnafa* ma yaro ne. Duka biyun suka faɗaɗa suka haɗa da bara, kamar yadda Hausa take cewa "yaron Alhaji" ko da mutumin ya yi furfura. Daga nan hanyarsu ta rabu.

*Cniht* ya yi sa'ar ubangida. Shi ne yaron sarki ko na hakimi, mai bin sa fagen fama. Bayan zuwan mutanen Normandi, aka laƙaba sunan ga mayaƙin da ke kan doki sanye da sulke, wanda aka ba gona a bakin hidimar yaƙi. Da bindiga ta kashe kasuwar sulke, sunan ya zama sarautar girmamawa da fadar Ingila take bayarwa, mai riƙe da ita kuma a sa masa *Sir* a gaban suna. Wannan ce sarautar da aka ba Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a 1959, aka kuma ba Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. "Sa" ɗin da ake ji a gaban sunayensu alama ce ta sarautar da asalin sunanta yaro mai hidima ne.

*Cnafa* kuwa a ɗakin girki da barga ya tsaya. Masu gida ba su cika yarda da barorinsu ba, kuma harshe yakan ɗauki ra'ayin masu iko. Tun a tsakiyar zamani kalmar ta fara ɗaukar ma'anar maƙaryaci, ɗan damfara, har ta zama zagi tsantsa. Wurin da ta riƙe tsohuwar ma'anarta shi ne karta, inda ake kiran katin baran sarki *knave*. A littafin Charles Dickens mai suna *Great Expectations*, na 1861, wata yarinya 'yar masu hali ta raina yaron labarin saboda ya kira wannan kati *jack*, sunan da talakawa suke kiransa. Amma da aka fara buga haruffa a kusurwar kati, *Kn* na bara ya yi kama da *K* na sarki, sai aka koma *J*, sunan talakawan ya yi nasara. A Jamusanci kalmomin biyu ba su yi wannan tafiya ba: *Knecht* har yau baran gona ne, *Knabe* kuma yaro. Duniya rawar 'yan mata ce, in ji Hausawa, na gaba ya koma baya.

Dangi, sarki da kirki

Wasu kalmomi uku da mai koyo yake haddacewa daban-daban gida ɗaya suka fito. *Kin* dangi ne. *King*, bisa bayanin da masana suka fi karɓa, *cyn* ne aka ƙara masa ɗafin *-ing* mai nuna "ɗan wane", wato ɗan dangi, wanda ya fito daga zuriya mai daraja. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, domin mutanen Finlan sun are ta daga maƙwabtansu tun kafin a san da Ingilishi, kuma har yau *kuningas* suke kiran sarki.

Ta uku ita ce *kind*, wadda take rikita ɗalibai saboda fuskokinta biyu: iri, kamar a tambayi wane irin abu ne, da kuma mai kirki. Tsohuwar ma'anarta ita ce halitta ko asali. Daga asali aka sami iri, tunda abubuwan da asalinsu ɗaya iri ɗaya ne. Daga asali kuma aka sami kirki, domin mutumin da ya yi abin da ya dace da halittarsa, ya riƙi wani kamar ɗan uwansa, shi ne *kind*. Zuwa wajen 1300 wannan ma'ana ta kafu. Hausa ta bi irin wannan tunani da take yabon mutumin kirki da cewa mai asali ne. Kalmar Jamusanci *Kind*, yaro, daga tushen nan take, kuma ta shigo Ingilishi a cikin *kindergarten*, lambun yara, sunan da Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a 1840.

*Know* ma tana da dangi masu yawa. Tushenta ɗaya da *gnoscere* na Latin da *gnosis* na Girkanci. A cikin gida, 'yar uwarta ita ce *can*, iyawa, domin a da wanda ya san abu shi ne ya iya shi. Akwai kuma *ken*, wadda mutanen Sikotlan suke amfani da ita a madadin *know*, da *cunning*, wadda ta fara da ma'anar gwaninta ta ƙare da ma'anar wayon banza.

*Kid* tana da labari mai ɗaci. Ta shigo daga harshen mutanen Sikandinebiya da ma'anar ɗan akuya. A ƙarshen ƙarni na 16 ta fara nufin yaro a bakin 'yan tasha. A ƙarshen ƙarni na 17 aka haɗa ta da *nap*, fizgewa, aka sami *kidnap*, sunan sana'ar masu sace yara da matasa a biranen Ingila suna tura su aikin bauta a gonakin Turawa a Amurka. Kalmar da jaridu suke amfani da ita yau ga garkuwa da mutane daga can ta taso.

Masaukin baƙi

Daga ƙarni na 17 jiragen Ingila suka bazu a duniya, kuma duk inda matafiyi ya ji sautin k a bakin wasu mutane, K ya fi saurin rubutawa, saboda ba ya rikiɗa ya zama s. Shafukan K na ƙamus suka zama masaukin baƙi. *Kangaroo* ya shigo a 1770, lokacin da jirgin James Cook ya tsaya gyara a arewa maso gabashin Ostireliya, mutanensa suka ji sunan dabbar daga 'yan ƙasar. *Kiosk* daga Turkanci yake ta hanyar Faransanci, *kayak* daga mutanen Inuit, *kola* kuma, wato goro, daga harsunan gaɓar Afirka ta Yamma. *Khaki* kalmar Urdu ce mai tushe a Farisanci, ma'anarta launin ƙura, kuma ta bi rigunan sojojin Ingila a Indiya tun daga ƙarshen shekarun 1840. *Kilo* daga kalmar Girkanci mai nufin dubu yake, Faransawa suka sa shi a ma'aunansu a 1795, kuma shi ya haifi k ɗin da ake liƙa wa lamba, a rubuta 10k ana nufin dubu goma. *Kerosene* kuwa ƙirƙirar Abraham Gesner ce, masanin duwatsu ɗan Kanada, daga kalmar Girkanci ta kakin zuma.

Da yawa daga cikin waɗannan ba su tsaya a Ingila ba. Sun biyo Turawan mulki da 'yan kasuwa har ƙasar Hausa, suka zama kaki da kilo da kananzir, *kitchen* kuma ya zama kicin, kalmar da ta tashi daga Rum, ta yi fiye da shekara dubu a Ingila, kafin ta iso.

An sha yunƙurin gyara rikicin C da K. A 1768 Benjamin Franklin ya tsara sababbin haruffa na Ingilishi, ya fitar da C gaba ɗaya, ya bar wa K da S aikinsa. Ba wanda ya bi shi, domin littattafan da aka riga aka buga sun yi yawa, masu karatu kuma sun saba. Abin da ya gagari Ingilishi ya yiwu ga harsunan da aka tsara musu rubutun boko daga baya. Waɗanda suka daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a farkon ƙarni na 20 sun ba K sautinsa shi kaɗai, aka kuma ƙara masa ɗan uwa mai lanƙwasa, ƙ, a shekarun 1930, domin a raba baki da baƙi. C kuwa suka ba shi sautin *ciki* da *cokali*, wanda shi ne aikin da yake yi a *cild* da *cirice* kafin William ya ƙetaro teku.